Hoton Ƙwayar Murar Tsuntsaye Da Abin Da Ya Shafi Kasuwarmu

Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan layin kaji, a taron wata-wata na ƙungiya a Agege



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da samarinmu 'yan makaranta da ke zaune can baya, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Bayan haka, shugabanni ne suka ce mu 'yan layin kaji mu zo mu yi wa jama'a bayani a kan hoton nan da aka yi ta yawo da shi a wayoyi, wanda ya jawo gardama a majalisarmu ta bayan la'asar har kwana uku a jere. Mu dai ba likitoci ba ne. Karatunmu bai wuce Islamiyya ba, sai kuma lissafin kasuwa da yau da gobe ta koya mana. Amma mun kusa shekara 30 muna sayar da kaza a Ikko, cutar nan kuma ta taɓa cinye mana jari, don haka muka ga ya kamata mu bi sawun magana. Mun tambayi 'ya'yanmu masu karatun kimiyya, mun tambayi likitan dabbobi da ke zagayowa kasuwa, abin da muka fahimta shi muka kawo muku. Inda muka yi kuskure, masu ilmi na nan, sai su gyara.

Ga wanda bai ga hoton ba, ga yadda yake. Wani fili ne kore shar, an watsa masa wasu 'yan abubuwa masu ruwan zinariya, wasu a dunƙule, wasu dogaye. Wani yaron shagonmu ya ce kamar ƙuli-ƙuli a kan ganye, na dunƙule da na sanda, kuma wallahi bai yi ƙarya ba. An rubuta a ƙasansa cewa wannan ita ce ƙwayar cutar murar tsuntsaye, wadda masana ke kira H5N1. Da wayar ta zaga hannun mutane, kowa da abin da ya faɗa. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da ta zo wucewa ta leƙa, ta yi salati, ta ce da za a buga wannan zane a zani da ya yi kasuwa. Wani ɗan'uwanmu direba ya ce shi da kaza har abada. Wani abokin sana'armu, wanda ya yi asara mai yawa a 2006, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya nisa ya ce, "Ashe ke ce." Sai kuma wani dattijonmu, mutum mai kaifin tunani, ya mayar da wayar ya ce, "Ku yara ne. Wannan fenti ne. Bature ya zauna ya zana abinsa don ya hana ku cin kaza."

To jama'a, da dattijon nan za mu fara, domin a maganarsa akwai gaskiya rabi.

Launin fenti ne, ko shakka babu. Madubin likita da muka sani, wanda ake ɗiga jini a gilashi a duba zazzaɓin cizon sauro, da haske yake aiki, kuma ƙwayar mura ta yi masa ƙanƙanta, ba ya iya ganinta ko an yi shekara ana leƙe. Ku ɗauki rular ɗan makaranta, ku dubi ɗan layin nan mafi ƙanƙanta, wato milimita ɗaya. Sai an jera ƙwayar nan kusan 10,000, wannan na taɓa wannan, kafin su cike tsakanin layi da layi. Don haka sai da wata irin na'ura dabam, wadda wasu Jamusawa biyu, Ernst Ruska da Max Knoll, suka fara haɗawa a 1931. Ita maimakon haske, wasu 'yan ƙwayoyin lantarki take harbawa su ratsa abin da ake son gani, sai ta fitar da inuwarsa. Inuwa kuwa ba ta da launi. Baƙi da fari take fitowa, kamar hoton ƙirji na asibiti. Daga baya ne ake shafa launi don idon wanda bai saba ba ya iya rarrabe cuta da naman da take ciki. Da sun ga dama da ja suka sa, ko shuɗi. Wannan hoton da ya zo mana, daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya fito, kuma su da kansu sun rubuta cewa launin ƙari ne.

Amma siffar ba zane ba ce. Idan mai hoto ya yi wa hoton kakanka kala ya sa masa shuɗiyar riga alhali fara ya sa a ranar, ba za ka ce ba a yi kakan naka ba. Dunƙulen da sandar haka suke. Koren nan kuma da Hajiya ta yaba, ƙwayoyin naman ƙodar kare ne da ake renonsu a ɗakin bincike, a cikinsu aka shuka cutar don ta hayayyafa a ɗauki hotonta. Da muka gaya wa Hajiya haka, cewa ta yi a bar zancen zanin.

Akwai wasu hotunan da aka ƙara matsowa kusa, a nan ne ake ganin jikin ƙwayar duk ƙayoyi ne, sak ƙarangiya. Duk wanda ya yi kiwo a daji yana yaro ya san yadda ƙarangiya ke kama bakin wando. To ƙayoyin iri biyu ne. Ɗaya, wadda suke yi wa laƙabi da H, da ita take maƙalewa a maƙogwaro ko hanjin kaza ta kutsa ciki. Ɗayar, wato N, da ita 'ya'yan da ta haifa suke yanke kansu su fita su kama wani wuri. Kowace ƙaya kuma iri-iri ce, an ba su lamba, shi ya sa kuke jin H5N1, wato mai H ta biyar da N ta farko. Ita kanta ƙwayar ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya haihuwa ita kaɗai. Sai ta shiga jikin mai rai ta mayar da shi masana'antarta. Rigar da ta lulluɓe ta kuwa ta maiƙo ce, shi ya sa sabulu ke kashe ta, kamar yadda yake cire maiƙon miya a kwano. Wannan ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Yanzu ga abin da ya sa abokinmu ya ce "ashe ke ce". Matasa da yawa a nan ba su da wayo lokacin. An fara gano wannan iri a jikin wasu dinyoyin gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka mutu, hukuma ta kashe kaji fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Muna jin wannan a rediyo kamar labarin wata duniya. Sai ranar 8 ga Fabrairu, 2006, aka ba da sanarwar an same ta a wata babbar gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna. Shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a duk nahiyar Afirka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato ta yi nata aikin, aka kuma aika da samfur Padova ta ƙasar Italiya aka tabbatar. Kafin ta lafa a 2008, ta shiga jihohi 25 da Abuja.

Abin da muka gani a kasuwa a watannin nan, Allah kada ya maimaita mana. Mai saye ya ɗauke ƙafa ɗif. Kaza na cin dusa kullum, ba ta san babu ciniki ba. Masu shayi suka rage ɗaukar ƙwai, masu gashi suka koma naman sa. Gwamnati ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza da ma'aikata suka kashe, kuɗin da bai kai farashin kaza mai ƙwai ba, wadda ta riga ta mutu kuma ba a biyanta. Daga baya an ƙara kuɗin, amma kafin nan mutane da yawa sun yi abin da kowa ya sani: da sun ga kaji sun fara faɗuwa, sai su yi maza su loda sauran a mota cikin dare su karyar da su a kasuwa. Mu kuma muka ga araha muka saya. Ba ma ɗora wa kowa laifi a nan, har da mu a ciki.

Bayan asarar kuɗi akwai wata wadda ta fi ta ciwo, kuma ita ce ta shafi kowa a ɗakin nan, ko mai sayar da goro ne ko mai canji. Tun da aka ce Kaduna, sai magana ta bazu a unguwanni cewa Hausawa ne suka kawo cuta. Yaranmu masu tallan zabi suka riƙa shan baƙar magana a hanya. Mu baƙi ne a garin nan, ko da an haifi wasunmu a nan, kuma kowa ya san abin da ba ya yi wa ɗan gari komai, baƙo yana iya rasa rumfarsa a kansa. Abin da ba mu sani ba a lokacin, sai yanzu 'ya'yanmu suka nuna mana, shi ne a cikin wannan shekara ta 2006 wasu masana, har da na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu na Turai, sun ɗebi cutar daga gonaki biyu a nan jihar Legas, suka karanta abin da ke cikin cikinta, suka gwada da ta Arewa. Sai suka tarar iri uku ne mabambanta, kowace da hanyar da ta shigo ƙasar nan, ko ta tsuntsayen da ke ƙaura, ko ta kajin da ake shigowa da su daga waje. Wato ta gonakin nan biyu ba 'yar Jaji ba ce. A hoto kuwa duk ukun kamarsu ɗaya, ƙuli-ƙulin nan dai. Hoto ba ya faɗa maka asalinta.

Kada dai mu yi saurin wanke kanmu. Yadda ta shigo daban, yadda ta zaga ƙasa daban. Tsuntsayen ruwa da ke tasowa daga Turai da Asiya lokacin sanyi suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, gaskiya ne, amma ba tsuntsun daji ne ke kai cuta daga kasuwa zuwa kasuwa a kwana biyu ba. Mota ce, da keji, da kiret ɗin ƙwai da ake mayarwa gona ba a wanke ba, da buhun kashin kaji da ake sayar wa masu lambu, da takalmin dillali. Da ta dawo a farkon 2015, a Kano da Legas aka fara jin ta kusan lokaci guda, ta sake dawowa a 2021. Hanyar da ke tsakanin Kano da Legas kuwa, mu ne a kanta dare da rana.

Sai maganar ɗan'uwanmu direba da ya rantse ya bar cin kaza. Malam, ka yi kaffara ka ci abarka. Wuta na kashe ƙwayar nan. Idan zafi ya kai digiri 70 har cikin tsoka, wato nama ya dahu babu sauran ja a jikin ƙashi, an gama da ita. Ƙwai kuma a bari gwaiduwar ta daskare, masu shayi a kula, a daina biye wa mai cewa a bar masa shi ruwa-ruwa. Haɗarin yana can baya, kafin kaza ta shiga tukunya. A watan Janairun 2007 wata yarinya 'yar shekara 22 ta rasu a nan Legas, gwaji ya tabbatar murar tsuntsaye ce, kuma bayanin da hukuma ta bayar shi ne ta taɓa aikin gyaran kaza mai cutar, figa da fiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum fiye da 900 da aka tabbatar sun kamu da wannan iri daga 2003, kusan rabinsu sun mutu. Idan aka dubi yawan kajin duniya, 900 ba yawa. Amma ku dubi su wa ke tsaye a inda ake kamuwa. Yaranmu ne masu figa, waɗanda ke wuni tsugune gaban garwar ruwan zafi, gashi na tashi yana shiga hanci, jini da kashi har gwiwar hannu, in an kawo abinci su goge hannu a wando su ci. Da yawansu amana aka ba mu su daga gida. In wani abu ya sami ɗaya, mu ne za mu je mu tsaya gaban uwarsa.

A nan akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta, malamai kuma su taimaka mana. Mun tashi mun tarar in kaza ta fara layi, sai a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Niyyar mai kyau ce, ana gudun haram da ɓarna. To amma yanka yana halatta nama ne, ba ya kashe cuta. Hasali ma lokacin yankan da figar ne take samun hanyar shiga mutum. Mun kuma karanta tun muna Islamiyya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai dabbobi marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. A kan raƙuma aka yi maganar, fatawa kuma ta malamai ce, amma mu a namu ɗan ganin, wanda ya san kajinsa na mutuwa ya kawo sauran kasuwa ya jera kusa da na ɗan'uwansa, ya san abin da ya yi.

Tun da ba mu da na'urar Jamusawa a rumfa, da me za mu gane? Da idon da Allah ya ba mu, a jikin kazar. Ka rufe keji da dare lafiya lau, da safe ka tarar da goma a ƙasa, zuwa azahar ashirin. Kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, ƙafa ta yi jajaye kamar an ƙuje ta, ga zawo, ga numfashi da ƙyar, masu ƙwai su daina. Wani zai ce ai wannan annobar hunturu ce da muka saba da ita tun a ƙauye. Suna kama ƙwarai, har likitan dabbobi ma ba ya yanke hukunci da ido sai an kai samfur an gwada. To in shi mai takarda bai yarda da idonsa ba, mu a kan me? Agwagwa kuma ku yi hattara da ita. Tana iya ɗauke da cutar tana yawonta garau, tana zuba ta a ruwan da kaji ke sha. Haɗa agwagi da kaji da zabi a keji ɗaya don tsimin wuri, mu daina.

'Yan kara, mun ga kuna murmushi kamar ba da ku ake ba. A watan Maris na 2024 an sami wannan cuta a jikin shanun tatsa a Amurka, tana fita a cikin madara, ta kuma kama wasu ma'aikatan gonakin. Abin da masana ke tsoro ke nan. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zare guda takwas, su ne rubutun halittarta. In murar mutane da ta tsuntsaye suka haɗu a jiki ɗaya, zaren na iya cakuɗewa, kamar makanike ya kwance motoci biyu a gareji ɗaya ya ɗora injin wannan a bodin waccan. Zuwa yanzu ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi, alhamdu lillahi. Amma duk mutumin da ta kama, an ba ta damar gwadawa ne.

Saboda haka mu 'yan layin kaji mun zauna mun yi shawara, ga abin da muke roƙon ƙungiya ta sa mana hannu a kai. Muna so a ware rana ɗaya a mako da ba za a kwana da kaza ko ɗaya a keji ba, a kankare kashi, a wanke da sabulu da maganin kashe ƙwayoyi, a bar rana ta doke shi. A cikin danshi da sanyi ƙwayar nan tana iya yin kwanaki da ranta a cikin kashin kaji, kejin da bai taɓa zama fanko ba kuwa kullum tsohuwar cuta na jiran sabuwar kaza. Mun san ranar ciniki ce za ta tafi, mun yi lissafinta, ba ta kai asarar wata uku ba. Wurin figa kuma a sa famfo ko ganga da sabulu, a saya wa yara safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, kuɗin daga aljihun iyayen gida, ba daga ladan yaran ba. Yaron da ya yi zazzaɓi da tari bayan ya taɓa kaji masu mutuwa, a kai shi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita aikin da yake yi, kada a tsaya sayen ƙwaya a kyamis. Matacciyar kaza a haƙa rami mai zurfi a binne, ba a kwata ba, ba a bola inda kare da yara za su ja ba.

Mai wuyar ita ce ta ƙarshe. Ba wanda zai kai ƙarar kajinsa alhali ya san gobe ba shi da abin cefane. Mun gani a 2006. Don haka muna neman a buɗe asusu, kowace rumfa ta riƙa zuba wani abu duk mako kamar adashi, ma'ajin ƙungiya ya riƙe. Wanda kajinsa suka fara mutuwa ya sanar da shugaban layi a ranar, aka kira likitan dabbobi, to asusu ya tallafa masa ya tashi, ko diyyar gwamnati ta zo ko ba ta zo ba. Wanda kuwa ya ɓoye ya sayar, aka gane, ba shi da kaso, kuma shugabanni su san hukuncin da za su yi masa. Gara ma'aikata su ji daga bakinmu da su ji daga bakin maƙwabta, domin in daga waje labari ya fito, ba rumfa ɗaya za a rufe ba. Nawa za a riƙa zubawa, wannan mun bar wa kwamiti, amma muna roƙon a yanke kafin kayan Kirsimeti su fara sauka, lokacin da keji ke cika har a ɗora wani kan wani.

Dattijonmu da ya ce fenti ne yana nan zaune a sahun gaba, kuma shi ne ya fara cewa a rubuta sunansa a asusun, ko da yake har yanzu bai janye maganarsa ba. Baba, Allah ya ƙara girma. Edita ya ce zai sa hoton a mujalla tare da wannan jawabi, sai dai ƙungiya ba ta da kuɗin buga kala, baƙi da fari zai fito. Mun ce masa ya buga hakan, dama haka na'urar ta ɗauko shi.